Tayil ɗin Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce in komai ya tafi daidai, ƙarshen wata za a sallami Inna. Ƙashin ƙugun ya fara kamawa. Amma ya ja mana kunne: in ta sake faɗuwa, ƙila ba za ta ƙara takawa ba. A banɗaki ta zame wancan karon, shi ya sa da ya ce "ku duba banɗakinku" na ji kamar da ni kaɗai yake.

Wurina za ta zauna, gidan Yaya ya yi musu kaɗan shi da yaransa. Namu banɗakin kuwa tayil ɗinsa santsi ne da shi kamar sabulu, ga ɗan dakali a bakin shawa da ko ni ina tuntuɓe da shi. Dole a fasa. Tayil mai kaushi, ƙasa shafe ɗaya, ƙarfen riƙewa a bango.

Baban yara ya ce akwai wanda ya yi musu aiki a ofis, aikinsa tsaf. Na ce ya rufa mini asiri. Yayana mai tayil ne, da tayil ɗin nan ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, da shi ya kai ni makaranta har na samu aikin kemis ɗin da nake taƙama da shi. In ɗauko bare in sa a gidana? Da wane ido zan kalle shi?

Ya ce, "To. Ke kika san ɗan'uwanki."

Ban so yadda ya faɗi "to" ɗin ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ya fara. Tun da safe guduma ke tashi, ƙura har cikin tukwane. Mun koma wanka da bokiti a ɗan bayin baƙi, yara na ta murna kamar wasa aka kawo musu.

Ya rame, ko dai ni ce na daɗe ban ƙare masa kallo ba. Amma bakin na nan. Ya ce, "Auta, in na gama miki wurin nan, sai kin riƙa karɓar baƙi a ciki." Na yi dariya har da riƙe ciki. Ruwa yake ta sha, gora bayan gora. Zafin aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Tayil ya iso. Na bango fari, na ƙasa ruwan toka mai kaushi. Na shafa, na ji daɗi.

Talata, 11 ga Maris

Na dawo daga kemis na tarar ya gama bango biyu ya tafi.

Na kunna fitila. Na kashe. Na sake kunnawa.

Layin ba daidai yake ba. Daga bakin ƙofa ya taso lafiya, kafin ya kai taga ya yi ƙasa, kamar rubutun yaro a takarda marar layi. Wani wurin tsakanin tayil da tayil ko allura ba za ta shiga ba, wani wurin ɗan yatsana ya shige. A lungu akwai guda ɗaya da aka manna a juye, zanen yana kallon wani gefen daban.

Baban yara ya leƙo ta bayana. Ya yi wannan gyaran muryar tasa ya wuce. Da ma zagina ya yi.

Ƙila in an cike tsakanin da farin siminti ba zai nuna ba. Ƙila.

Laraba, 12 ga Maris

Na makara wurin aiki don in jira shi. Sai da na kai masa shayi, na tambayi yara, na tambayi matarsa, na yi ta zagaye-zagaye, sannan na ce, "Yaya, wannan layin kamar ya ɗan sauka ko?"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce ginin ne a karkace, magina na yanzu ba su san aiki ba, shi bin bango yake. Sannan: "Auta, yaushe kika fara aikin tayil ban sani ba?"

Na yi dariya. Ni ce har da ba shi haƙuri.

Duk yinin yau a bayan kantar kemis ina ba mutane magani ina cin kaina. Mace da 'ya'yanta, da aikinta, amma Yaya na ɗaga murya kaɗan sai in koma 'yar firamare.

Juma'a, 14 ga Maris

Ƙasa yau. Ya ce kada kowa ya taka sai jibi. Na kulle ƙofar na sa makullin a jaka, don ni ma kada in leƙa.

Lahadi, 16 ga Maris

Mun buɗe.

Baban yara ya ciko bokiti ya sheƙa a ƙasa. Muka tsaya muna kallo. Ruwan ko kallon magudana bai yi ba. Ya gangaro ta wajenmu, ya taru a bakin ƙofa, ya tsaya cak, daidai inda Inna za ta fara sa ƙafa. Wani ya tsallaka ya jiƙa kafet ɗin baranda.

Baban yara ya ɗauki cokali yana ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ce tim, wasu su ce ƙwal kamar gwangwani, babu komai a ƙarƙashi. Ina cikin cewa ya bari haka nan, ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ba takalmi, bakin wani tayil da ya ɗago ya yanke ta a babban yatsa. Jini a kan sabon tayil.

Bayan na ɗaure mata muka yi ta, ni da shi. A ɗaki, murya ƙasa-ƙasa saboda yara. Ya ce wannan ba banɗaki ba ne, tarko ne. Na ce ai ba a gama ba. Ya ce, "Yatsar yarinya ce yau. Ranar da ya zama ƙugun Inna fa, shi ma cewa za ki yi ba a gama ba?"

Na ce ya daina yi mini magana kamar ban damu da uwata ba. Na san ba haka ya ce ba. Na rasa abin faɗa ne.

Litinin, 17 ga Maris

Asibiti. Inna ta taka daga gado zuwa taga da sandar nan mai ƙafa huɗu, tana haki tana murmushi. Tambayarta ta farko: "Yayanki ya gama?" Na ce saura kaɗan. Ta juya ga matar gadon kusa tana ba ta labari, ɗanta in ya shimfiɗa tayil ko ƙwai aka ajiye ba ya mirginawa.

Na fita na tsaya a baranda har ta gama.

Laraba, 19 ga Maris

Sabuwa ta samu. Bangon ɗakin da na gyara wa Inna, wanda ya haɗa da banɗakin, ya jiƙe daga ƙasa. Fenti ya kumbura, in ka danna sai ya fashe. Ɗakin har ya fara warin danshi. Inna da tarinta.

Na kira Yaya. Ya ce gobe.

Alhamis, 20 ga Maris

Ya zo. Na nuna masa ruwan bakin ƙofa, na nuna masa bangon. Wannan karon ban yi dariya ba.

Ya tsuguna yana shafa ƙasan da tafin hannu, ya daɗe. Ya ciro tef ɗin awo ya kai shi har kusa da hancinsa. Sannan ya ce ƙaramin abu ne, zai ɗora siminti a bakin ƙofa ya tare ruwan. Na ce to ai an dawo da dakalin da muka fasa ke nan, Inna ba za ta iya tsallakawa ba. Ya miƙe.

"Mijinki ne ya aiko ki?"

Na ce a'a.

"Tun kina goye nake wannan aikin. Ba a taɓa tsayawa a kaina ana nuna mini da yatsa ba."

Ya kai hannu zai ɗauki kofin shayinsa a kan taga, ya ture shi, ya fashe. Ya ce ni na ajiye shi a baki-baki. Na share. Ya kwaɓa simintinsa ya manna a bakin ƙofa, wani tudu kamar kunyar gona, ya ce jibi zai kawo ƙarfen riƙewa, da yamma.

Na ji haushinsa yau, irin wanda ban taɓa ji ba. Ganganci ne. Ya ga aikin 'yar'uwa ne, ba mai kama shi, ya yi mini na jeka-na-yi-ka. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Asabar, 22 ga Maris



Na ce wa Baban yara ya kira mutumin ofis ɗinsu, ya zo da safe ya duba kawai, kafin Yaya ya iso da yamma. Gajere suke ce masa. Gajeren ne kuwa, ga baki. Ban gaya masa wanda ya yi aikin ba.

Ya shiga, ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsakiya nan da can, yana tsaki. Ya ce gangaren a juye yake. Ya ce bututun shawa ba a ɗaure shi da kyau ba kafin a rufe, shi ke jiƙa bango. Ƙasa dole a fasa gaba ɗaya, da layin farko na bango. Sauran bangon muni ne kawai, ba haɗari, in muna iya zama da shi.

Sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ina kuka samo wannan? Wallahi wanda ya yi aikin nan makaho ne."

Baban yara ya yi masa ido. Bai gane ba, ya ci gaba. Ya ce abin mamaki simintin an kwaɓa shi yadda ya kamata, yankan ma na wanda ya san inji ne, hannun tsohon ma'aikaci ne, amma kamar a duhu ya yi.

A nan na ji motsi a baranda.

Yaya ne. Ya zo da wuri. Yana tsaye da ƙarfen riƙewa a hannu, sabo, ko ledarsa ba a cire ba. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ya jingina ƙarfen da bango a hankali. Ya ce, "Sannunku da aiki." Ya juya. Na bi shi ina Yaya, Yaya, tsaya ka ji. A bakin ƙofar gida kafaɗarsa ta bugi ginshiƙi, bai tsaya ba.

Na dawo na zauna a kicin. Makaho. Tef a hanci. Kofin shayi. Shafa ƙasa da hannu maimakon ya duba. Ruwan da yake ta sha, ramar. Ni da nake yini ina miƙa wa mutane maganin suga ina yi musu wa'azi su je a duba idonsu.

Lahadi, 23 ga Maris

Bai ɗauki wayata ba. Na kira matarsa, ta fita waje ta amsa.

Da farko ta ce lafiya lau. Na ce Anti, don Allah. Sai ta fashe da kuka. Tun bara abin ya fara. Ita ke karanta masa saƙo a waya. Ya daina hawa babur, ya ce wai ya lalace. Wurare biyu sun kore shi a tsakiyar aiki, tun daga nan ba wanda ya sake kiransa, sai ni. Ranar da na kira shi, ta ce, har aski ya je ya yi. Ya rantse in ta gaya wa wani, ko Inna, bai yafe ba. Asibiti kuwa ko sunan ba ya so a ambata. Wai in aka ji mai tayil ba ya gani, ya gama yawo.

Na ce ai ga shi an ji.

Ba haka na so in faɗa ba.

Talata, 25 ga Maris

Gajere ya fara fasawa. Tun da ya san ko wane ne ya rage surutu, har ya ba ni haƙuri. Na ce ba laifinsa.

Ban iya zama a gidan ba. Kowane bugun guduma a ƙirjina yake sauka. Na tafi kemis tun kafin lokacina, na yi ta goge kantocin da ba su da ƙura.

Baban yara ya kwashe ɓaraguzan da kansa ya kai bola, don kada in gani. Bai ce "ai na faɗa miki" ba. Na lura. Ban gode masa ba tukuna.

Asibiti sun ce Litinin za a sallami Inna.

Abin da ke cina: tausayinsa nake ji, kuma haushin bai tafi ba. Ya san ba ya gani. Ya san Inna ce za ta taka wurin. Ya karɓa.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je gidansa daga wurin aiki, da na'urar gwajin suga a jaka.

Yana zaune a tsakar gida a kan benci, kayan aikinsa a buhu a gefe. Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Anti ta kwashe yara suka shige ɗaki.

Ya ce in na zo ba da haƙuri ne, ya wuce. Na ce ba haƙuri na zo bayarwa ba. Ni kaina na ji mamakin bakina.

Na ce na yi kuskure da ban gaya masa zan kira wani ba, wannan na yarda. Amma aikin bai yi ba, kuma ya san bai yi ba, kuma ya san dalili. Ya ce in kama bakina. Ya ce shi ya goya ni, shi ya saya mini takalmin makaranta na farko. Na ce duk na sani, har gobe ina sane. Na ce, "Yaya, da Inna ta shiga wurin nan ta zame a ruwan bakin ƙofa fa? Wa zai ɗaga ta? Kai da ba za ka ga inda ta faɗi ba?"

Kaifin maganar ya fi yadda na shirya. Na so in janye. Ban janye ba.

Can ya ce, a hankali, "Na ɗauka hannuna zai tuna."

Na ciro na'urar. Ya ce me ye wannan. Na ce yatsa zai ba ni. Ya ce shi za a gwada kamar wani tsoho? Na riƙe hannuna a miƙe ban sauke ba. Hannun har ya fara sanyi.

Ya miƙo. Yatsun duk kanta da tsagar siminti, sai da na soka sau biyu jini ya fito.

Abin da na'urar ta nuna, ban taɓa ganin irinsa a jikin mutumin da ke zaune yana magana ba. Ya ce, "Nawa ta ce?" Allon yana gabansa, manyan lambobi. Na ce ta ce gobe da safe za mu ga likita.

Juma'a, 28 ga Maris

Ya zo. An ɗora shi a kan magani. Likitan ido sai mako mai zuwa.

Lahadi, 30 ga Maris

Gajere ya gama jiya. Yau na sheƙa ruwa da kaina, ya bi magudana sumul. Na sake sheƙawa don daɗi. An kafa ƙarfen da Yaya ya kawo. Bangon sama mun bar shi yadda yake, lokaci ya ƙure. Ɗakin Inna mun sa masa fanka yini biyu, ya bushe, saura tabo.

Litinin, 31 ga Maris

Inna ta dawo.

Ko hutawa ba ta yi ba ta ce a kai ta ta ga banɗakin. Ta shiga da sandarta, ni a baya hannuwana a buɗe kamar mai tarar jariri. Ta goga ƙafa a ƙasa. Ta kama ƙarfen ta jijjiga. Ta ce, "Kun gani ko? Hannun yaron nan daban ne."

Yaya na baranda, ya zo tarbarta. Baban yara ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Yaya ya ce, "Inna, ƙasan ba ni na yi ba. Nawa bai yi kyau ba, aka fasa."

Inna ta juyo. Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi layin bangon nan da ya sauka. Ta daɗe a kansa. Sannan ta ce a kai ta ɗaki, ƙafarta ta gaji, kuma Yaya ya biyo ta shi kaɗai.

Sun jima. Ban san me suka ce ba. Da ya fito idonsa ja, ita kuma ba ta ci abincin rana ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Asibitin ido. Na ɗauki hutun rabin yini.

Idon hagu suga ya riga ya yi masa ɓarna, ba lallai ya dawo ba. Na dama kuwa yanar ido ce ta rufe shi, za a iya cirewa in sugan ya sauka. Likitan ta ce kada a ja lokaci. Yaya ya fara: ai yana da ayyuka a gaba, sai ya duba, ƙila bayan wata biyu. Waɗanne ayyuka?

Na ce, "Yaya, bari." Na ce wa likita ta ba mu rana mafi kusa, zan kawo shi. Ta tambaya wa ke kula da shan maganinsa da abincinsa, na ce ni da matarsa. Sai bayan na faɗa na tuna ban tambaye shi ba. Na saci kallonsa. Yana wasa da hularsa a kan gwiwa.

An ɗiga masa maganin da ke buɗe ido, don haka da muka fito hasken rana ya hana shi ganin komai. A bakin titi ya tsaya. Motoci na ta wucewa. Sai na ji hannunsa a kafaɗata, da nauyi, da kaushi har ta cikin mayafi. Na ce masa akwai kwata, ya ɗaga ƙafa. Ya ɗaga. Muka tsallaka.

A mota ya ce in an gyara idon zai zo ya sake mini bangon nan. Na ce sai na ga takardar likita tukuna. Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Haushinsa nake ji har yanzu. Ina jin dai haka ne.

Na sa ƙararrawa a wayata ta lokacin maganinsa. Don kada Anti ta manta ne kawai.